An ce kai ne maigadi a fim: yadda zaka yi ƙaramin rol ka dawo gida da mutuncinka

Yawancin masu sha'awar fim, ko a Kano ne ko Kaduna ko Jos, ba a jarumi ake fara saka su ba, da yawa ma har su gaji su koma kasuwa ba za su taɓa jan fim ba. Abin da za a ce maka shi ne gobe ka zo lokeshan, kai ne maigadi, ko ɗan sanda na biyu, ko mai shayi, ke kuma ƙawar amarya ko nas ɗin da za ta leƙo ta ce likita na kira. Sin ɗaya, wato fitowa ɗaya a cikin fim ɗin, magana ɗaya, wani lokacin ma babu maganar. Toh ina ganin yara da yawa suna karɓar irin wannan rol ɗin rai a ɓace, su yi shi a gurguje kamar an tilasta musu, kuma abin yana damuna sosai, don aiki ne na gaske wanda ake iya yi da kyau.

Ka tuna ita kanta masana'antar daga 'yan sa-kai ta fito. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce a Kano ta yi Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, tun sunan Kannywood ma bai zo ba. Mutane ne masu sana'o'insu da karatunsu, suna haɗuwa su yi rihasal don son abin kawai. Saboda haka in yau kana ɗinki ko koyarwa ko tuƙa adaidaita, kana fitowa a fim jefi-jefi, kan hanyar da aka faro kake.

Abu na farko, da an kira ka ka yi tambaya. Ba lallai a ba ka sikirif ba, galibi a wurin za a faɗa maka abin da zaka ce, amma ka samu mataimakin darakta ko mai kontiniti, wato mai lura da daidaituwar ɗauka da ɗauka, ka ce yallaɓai don Allah wa nake yi wa maganar, me ya faru kafin wannan sin ɗin, me zai biyo baya. Minti biyu ya isa. Kar ka tare darakta yana tsaka da saita kamara, ka jira sai ya sarara.

Mu ɗauki maigadin. Jarumi ya zo ƙofar gidan Alhaji, kai kuma maganarka ita ce "Alhaji ba ya nan". Shi ke nan. Amma akwai maigadin da gaskiya yake faɗa, Alhaji ya fita tun safe, wannan ko tashi daga benci ba sai ya yi ba, zai rage ƙarar rediyonsa ya faɗa ya ci gaba da sauraro. Akwai wanda Alhaji na ciki, shi ya ce a ce ba ya nan, kuma motar na nan a fake ana hango ta ta ƙaramar ƙofa, wannan zai fito ya ja ƙofar a bayansa ya tsaya ya tare ta da jikinsa, ba zai yarda su haɗa ido da baƙon ba, ƙila ya ƙara da gyara hula don ya samu abin yi da hannunsa. Akwai kuma wanda ya san yaron nan mai gaskiya ne, yana tausayinsa amma yana tsoron rasa aikinsa, toh shi muryarsa ƙasa za ta yi. Kalma huɗu ce, amma mutum uku ne daban. In ka san wanne ne kai, jarumin ma sai ya samu abin da zai mayar wa martani, wasansa ya ƙara kyau, kuma wallahi daraktan da ya san aikinsa yana lura da haka ko bai faɗa ba.

Kafin ranar ka je ka zauna kusa da maigadi na gaske a unguwarku, ka gaishe shi ku yi hira. Ka kalli inda yake ajiye buta da tocila, yadda yake leƙawa ta ƙaramar ƙofa kafin ya buɗe get, yadda tashin da yake wa hon ɗin mai gida ya bambanta da wanda yake wa mai ƙafa. Haka in mai shayi ne, ka koyi ɗaga shayin daga kofi zuwa kofi har ya zauna maka a hannu, don mai kallo ya sha shayin tebur, da ya ga hannunka na rawa ya gane.

Sannan wani abu da nake roƙon masu tasowa su daina. Da an ce maigadi ko ɗan aiki ko baƙauye, sai mutum ya karkace baki ya ɗauko wata irin Hausa ta gangan, ya mai da kansa wawa don a yi dariya. Masu gadi da yawa a garuruwanmu dattawa ne masu iyali, wasu Buzaye ne da suka taso tun daga Nijar neman halali, kuma 'ya'yansu na kallon fim ɗin nan. In fim ɗin barkwanci ne darakta ya ce ga yadda yake so, wannan daban, shi ma akwai yadda ake ba da dariya ba tare da an wulaƙanta mai sana'a ba. Amma in ba a ce ba, ka yi shi a mutum mai hankali.

Kar kuma ka ce tunda dama ɗaya ce bari in zuba duk abin da na iya. Zare ido, wurga hannu, ƙara maganar da ba a ba ka ba, shiga gaban jarumi, duk wannan sa wa yake a yi ta maimaitawa, ƙarshe edita ya yanke ka. Kamara na kusa, tana ɗaukar ƙiftawar ido ma. Rabin aikinka sauraro ne, lokacin da ɗayan ke magana ka ji shi da gaske, ba kana ƙirga sai yaushe zai gama ka faɗi taka ba. Gishiri ne kai a miyar, in babu kai za a ji, in ka yi yawa an ɓata tukunya.

Akwai ƙananan abubuwa na aiki da ba mai zama ya koya maka. Sin ɗaya ana ɗaukarsa sau da yawa, daga nesa, daga kusa, ta bayan kafaɗa, don haka in carbi na hannun dama a ɗauka ta farko, ya zauna a dama har a gama, in ka tashi tsaye a kan wata kalma, ka tashi a kanta kowane karo. Inda aka yi maka alama a ƙasa nan zaka tsaya, don a nan aka saita haske. Kar ka kalli kamara. Kar ka hau kan maganar wani sai an ce ka yi. In kana cikin 'yan ciko a baya, misali taron biki ko kasuwa, baki kawai zaka motsa ba sauti, don makirfon na kama komai. Kar ka saki jiki sai ka ji an ce kot, wato a tsayar da ɗauka, ko da ka gama maganarka. Waya a kashe. Ka zo da kaya kala biyu ko uku, ka guji mai ƙananan zane-zane don yana rawa a kamara, in kuma an ce za a ƙarasa sin ɗin jibi, kayan nan dai zaka dawo da su, kuma kar ka je ka yi aski a tsakani.

Jira kuwa sai ka shirya masa. Ana iya ce maka ƙarfe takwas na safe, a zo kanka bayan la'asar. Ka riƙe ruwanka, ka yi sallarka a kan lokaci, ka samu gefe ka zauna kana kallon yadda ake aiki, makaranta ce kyauta. Ka san sunan mai haske da mai sauti da mai kwalliya, ka gaishe su, sau da yawa su ne ke cewa a kira yaron nan na ranar nan. Bin jarumai ana roƙon hoto a tsakiyar aiki yana zubar da ƙima, ka bari sai an tashi.

Maganar sallama ka yi ta tun kafin ka fito daga gida. Nawa ne, ko kuɗin mota ne kawai, ko kyauta ne, ka sani ka yarda da kanka, ba sai dare ya yi kana tsaye kana raba ido ba. Yin kyauta ba laifi ba ne in kai ka zaɓa. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya saka ka a fim kuwa, ka kama gabanka. Ke kuma 'yar'uwa, duk wanda ya ce ki same shi ke kaɗai a wani ɗaki da daddare don a gwada ki, wannan ba gwaji ba ne, ki je da wani naki, a ofis, da rana. In a Kano kuke, akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha da aka kafa tun 2001, akwai kuma ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN, ku bincika yadda ake rajista ku shiga ta ƙofa. Kuma in aka ce ka yi abin da ka san ba zaka iya kallo tare da mahaifiyarka ba, kana da ikon cewa a yi haƙuri, cikin ladabi, tun kafin a kunna kamara.

Daɗin abin yana zuwa ne a lokacin da aka ce kot, darakta ya ce ya yi mu wuce, ka san ba a maimaita ko sau ɗaya saboda kai ba, kuma na 'yan daƙiƙun nan ba kai ne a ƙofar ba, maigadin ne. Wanda ya taɓa jin wannan ya san ba ya buƙatar sunansa a fosta kafin ya ji shi. 'Yar wasan Ingila Judi Dench ta ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a 1999 da fitowar da ba ta wuce kusan minti takwas ba, amma ni ba don kyauta nake kawo ta ba, don a ga cewa masu harkar da kansu ba da agogo suke auna wasa ba.

Ka shirya wa yiwuwar a yanke sin ɗin gaba ɗaya, yana faruwa da manya ma, galibi saboda tsawon fim ne ba don ka ɓata ba. Shi ya sa kar ka tara dangi kana cewa ga fim ɗinka zai fito, ka ce musu na fito a maigadi, sin ɗaya ne, in an bar shi za ku gan ni. In ya fito a YouTube ko Arewa24, ka rubuta sunan shirin da lambar kashi da mintin da ka bayyana, ka nemi izinin furodusa ka yanki wurin ka ajiye a wayarka, duk ranar da wani darakta ya tambaye ka me ka taɓa yi, shi zaka tura masa.