Kurakuran da aka fi yi a kasuwar tsofaffin motoci ta Biyuli

Tun 1967, kusan duk watan Satumba kasuwar kayan tsofaffin motoci ke ci a Biyuli, kudancin Ingila, a filin da ke jikin gidan tarihin motoci na ƙasar. Wanda ya san Panteka ta Kaduna ba zai yi baƙunta ba, sai dai wannan kwana biyu kawai take yi, kuma rumfuna sun kai dubu biyu. Na je da wani abokina da muka yi makarantar kwana tare, yana neman kayan Peugeot 504 irin ta mahaifinsa.

Kuskuren farko, zuwa da abin da ka tuna kawai, ba da lambar shasi ko ta inji ba. "Wallahi mutumina, irin wannan fitilar ce sak!" Haka abokina ya ce, daga hango ta. To, 504 ta fito a 1968, an ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru bayan Faransa ta daina, kuma an yi ta sauya kayanta a hanya. Kafin ka bar gida, rubuta lambar shasi da ta inji, ka ɗauki hoton abin da ya lalace. In ƙarami ne, sa shi a aljihu ka tafi da shi.

Fitilar ma akwai wani tarko a cikinta. A Ingila ana tuƙi a hannun hagu ne, don haka gilashin fitilarsu yana karkatar da haske hagu. Najeriya ta koma hannun dama tun 1972. Ka kai irin wannan fitilar gida, duk direban da ya taho gabanka da dare sai ka kashe masa ido. Tambayi mai kayan daga motar wace ƙasa aka cire ta.

Haka batun wuta da noti. Volkswagen mai ƙirar kunkuru da aka yi kafin 1967 yawanci batirinta volt 6 ne, ba 12 ba. Tsofaffin motocin Ingila kuwa da ma'aunin inci aka yi notinsu, sifanar milimita ba za ta kama shi daidai ba.

Sai hira. Shekara ashirin ba ku haɗu da abokinka ba, dole a tuno da wake da shinkafar makaranta da bulalar shugaban ɗalibai. Mu kam a bakin rumfar shayi muka ƙarar da safiya, lokacin da dillalai ke kwashe kayan kirki. Ku fara zagaye tukuna, ku raba layuka, ku ajiye hirar sai azahar.

A wajen ciniki, kada abokinka ya nuna zumuɗi a gaban mai kaya. Ana tayawa, amma ba irin tayin Kantin Kwari ba. Ka ce rabin kuɗi, Bature ya juya maka ƙeya. Ranar Lahadi, wato ranar ƙarshe, da yamma kaya kan sauko, don ba mai son sake loda ƙarfe a mota.

In kuma mota ɗungurungum ce ta shiga ranka, kada fenti ya ruɗe ka. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfe daga ƙasa. Durƙusa da tocila ka leƙa, ka bi gindin ƙofa da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, ciko aka yi.

Ku riƙi tsabar kuɗi, da takalmin da zai jure taɓo.