Kurakuran da aka fi yi wajen sayen gyararrun kayan AdBlue na tireloli da manyan bas

Yawancin tirelolin da ke shigowa daga Turai yanzu, DAF ne, MAN ne, ko Actros, suna zuwa da wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi a gefen tankin dizal. Haka ma wasu manyan bas na dogon zango. Abin da ake zubawa a ciki shi ne AdBlue, Amurkawa kuma su ce DEF: yuriya kashi 32.5 cikin ɗari, sauran kuwa tataccen ruwa ne da aka cire wa duk wani gishiri. Famfo ke jan sa daga tanki, nozul ya fesa shi cikin salansa, zafin hayaƙi ya mayar da shi amoniya, ita kuma ta karya gubar hayaƙin dizal da ake kira NOx a cikin katalis, wato matatar da ke cikin salansa, kafin hayaƙin ya fito. Turai ta fara matsa wa masu ƙera manyan motoci a kan wannan tun daga dokar Euro IV ta 2005, Amurka ta tsaurara tata a 2010.

Ranar da wani abu ya lalace a wannan layi, mota ba ta mutuwa nan take, sai dai ta yi ta gasa wa mai ita aya a hannu. A motocin da aka ƙera bisa dokar Euro VI, wadda ta zo daga baya, fitilar gargaɗi ce ke fara kamawa, daga nan ƙwaƙwalwar mota ta zabge kashi 25 na ƙarfin inji, in aka ci gaba da yin biris ta ɗaure motar a kan kilomita 20 a awa. Direba yana Tafa ko Mararrabar Jos da kayan mutane a baya, yana ta bugo waya. Sabon famfo a kwali ya yi tsada, ga canjin dala. Sai a ce a nemo gyararre. Shawara ce mai kyau, domin gyararre na ƙwarai yana aiki sosai. Gaggawar da ake yi ce ke ɓata ta.

Kuskuren farko tun kafin a je kasuwa ake yin sa. An sa wa mota kwamfuta, ta nuna matsin ruwa ya yi ƙasa, sai bakanike ya ɗago kai ya ce, “Alhaji, famfo ne ya tafi.” Kwamfuta ba ta faɗi haka ba. Ta dai ce ruwa ba ya isa da ƙarfin da ake so, kuma abubuwa da dama na jawo hakan. Filtar da ke jikin famfon kan toshe, tiyo kan tsage ya riƙa shan iska, yuriya kan bushe ta zama farin gishiri a bakin nozul, soket kan yi tsatsa, waya kan goge a jikin shasi. Kuɗin filta bai taka kara ya karya ba. Farin gishirin nan kuwa ruwan ɗumi ke narkar da shi, ba a tsokanar sa da waya ko allura, don ramukan nozul ƙanana ne ƙwarai.

Kafin ka saki kuɗi, ka ce a gwada a gabanka. A duba ko famfon yana kai matsin da aka yi masa, wasu bar 5 ne, wasu bar 9. Sannan a kunce nozul, a zura bakinsa cikin gora mai ma'auni, a ba shi umarni daga kwamfuta. Lafiyayye yana fitar da feshi mai laushi, daidai ta kowane gefe, kuma abin da ya taru a gorar zai yi daidai da adadin da littafin motar ya faɗa. In yana ɗiga, ko yana tsartuwa gefe guda, ga mai laifi nan, a bar famfo ya sarara.

Me ya kashe na farkon?

Wannan ita ce tambayar da rashin yin ta ya fi cin kuɗin masu motoci. A sayo gyararre a ɗaura, bayan 'yan makonni fitila ta dawo, a kama zagin mai shago. Alhali sau da yawa amsar tana cikin tanki.

Mu ƙasar noma ce, buhun yuriya yana ko'ina daga Saminaka har Giwa, kuma kowa ya ji cewa AdBlue yuriya ce da ruwa. Sai wani ya jiƙa taki a bokiti da ruwan rijiya ko fiya wata, ya tace da ƙyalle, ya ɗura. Yuriyar gona ana sa mata sinadarin hana dunƙulewa, tana kuma ɗauke da dattin da masara ba ta damu da shi ba amma famfo da nozul ba sa jurewa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin ƙasa, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi. In wannan ya zauna a jikin katalis, wanki ba ya fitar da shi, kuma katalis ya ninka famfo tsada. Haka nan masu ƙara ruwa a kan AdBlue na gaske don ya yi auki. Ƙwaƙwalwar mota tana lura da hayaƙin da ke fita, za ta gane, ta rage ƙarfi, kai kuma ka ɗauka famfo ne.

Ko na gasken ma zafi yana tsufar da shi. Ma'aunin ISO 22241, wanda ya kamata ka ga lambarsa a jikin jarka, ya nuna cewa in an ajiye shi a zafin da bai wuce digiri 25 ba yana kai wata 18, a digiri 30 wata 12, a digiri 35 wata 6 kacal. Yanzu ka tuna jarkokin da ake jerawa a rana a bakin titi cikin Maris da Afrilu a nan Kaduna. Ka duba ranar da aka yi shi, ka duba ko murfin yana da hatiminsa. Akwai ɗan madubin gwaji, rifraktomita, da ake ɗiga ruwan a kai a leƙa: daga 31.8 zuwa 33.2 shi ne daidai. A ganina duk mai tirela fiye da biyu ya kamata ya mallaki nasa, ba tsada gare shi ba.

Sai dizal. Yaron mota ya ɗauki mazurarin da ya gama ɗura mai da shi, ko galan ɗin da aka taɓa zuba dizal, ya yi amfani da shi. Kaɗan ya isa ya kumbura robobin cikin famfo. Alamarsa a fili take: tanki yana warin mai, ana ganin maiƙo yana yawo a saman ruwan, in an buɗe tsohon famfon robobin sun yi laushi sun fi ƙarfin mazauninsu. In haka ne, dole a sauke tanki a wanke shi tas ko a canza, a canza tiyo da filta, kafin gyararren ya taɓa motar. In kuma an farga tun lokacin da aka zuba, kada a murɗa makulli ko sau ɗaya, a zuƙe tankin tukuna. AdBlue yana cin baƙin ƙarfe da tagulla, don haka a ware masa mazurarin roba nasa shi kaɗai. Lokacin hunturu a goge ƙurar bakin tanki kafin a buɗe murfi.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta direbobinmu: da an kashe mota sai a yanke batir a take, don tsoron wuta ko ɓarayi. Bayan an zare makulli, in ka kasa kunne za ka ji famfon yana ɗan gurnani na wani lokaci. Kwashe ruwan da ya rage a tiyo yake yi. In aka yanke masa wuta, ruwan ya kwana a ciki, ya bushe, ya toshe hanya. A jira ƙarar ta tsaya, 'yan mintuna ne.

A kasuwa

A Panteka ko Oriapata, ko in aka aika Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, kaya iri uku ne ake miƙo wa mai neman gyararre. Akwai wanda aka cire daga motar da aka yanka a Turai, kayan Beljiyam ke nan, ba wanda ya buɗe shi, wataƙila ya yi watanni a kwantena da yuriya bushe a cikinsa. Akwai wanda aka buɗe a nan, aka canza abin da ya mutu kaɗai, aka wanke. Sai na uku, wanda kamfani ya warware gaba ɗaya, ya canza duk abin da ke cinyewa, robobi da bawul da filta, ya gwada shi a kan benci, ya sa masa lamba da garanti. Manyan kamfanoni suna da irin wannan tsari: Bosch na da eXchange, Mack na da REMACK, Cummins na da ReCon, kuma a kayan Cummins za ka ga lambar ta ƙare da RX. Ban ce na farko da na biyu ba su da amfani ba, wani lokaci su ne ke fitar da mota daga daji. Abin da ke ciwo shi ne a biya kuɗin na uku a karɓi na biyu.

Ka riƙe kayan a hannunka ka juya shi. Kan kusoshin sun ci sukurdireba? An fesa fenti har kan lamba? Akwai farin ɓawo a cikin bakin da tiyo ke shiga? Wanda ya fito daga kamfani yana zuwa da marufan roba a kowane baki. Sannan ka yi tambaya kai tsaye: “Malam, wa ya gyara shi, me aka canza a ciki?” In amsar ita ce, “Orijina ne, Alhaji, kai dai ɗauka,” to ba a amsa maka ba. Ka kula kuma da jabu, sababbi fil a kwali mai kyau, ɗauke da sunan kamfanin da bai san da zamansu ba. Farashin da ya yi araha fiye da kima yakan tona asirinsu.

Sensar NOx, mai auna gubar da ke cikin hayaƙi, ita ce ban yarda a saya a hannun mai gyaran bakin titi ba. Abin da ke aunawa a cikinta ɗan tangaran ne da ke tsufa da zafi da baƙin hayaƙi, ba a sabunta shi da goga da fetur. Ko sabuwa, ko wadda ta fito daga tsarin kamfanin da kansa.

Sayen kaya da ido ma yana kayar da mutane. Famfo biyu sai su yi kama kamar an tsaga kara, amma ɗaya na bolt 24 ne, irin na tirelolin Turai, ɗaya na bolt 12, irin na tirelolin Amurka da ƙananan bas. Wasu tsofaffin tsare-tsare, kamar na Actros mai BlueTec 5, da iska suke fesawa, Actros na Euro VI kuwa ba ya amfani da iska. Mai irin na iska ya duba kwampireso da filtar busar da iska, don in suna wuce baƙin mai, shi ma yana toshe kayan feshi. Sensar da ke gaban katalis da ta bayansa ba kullum ake musanya su ba. Maganin duk wannan ɗaya ne: lambar da ke jikin tsohon kayan da lambar shasin motar. In daga Legas za a aiko, ka ɗauki hoton lambar ka tura, shi ma ya turo maka hoton lambar ainihin wanda zai sa a mota, kada ka yi cinikin biri a sama.

Tsohon famfon kuɗi ne. Masu gyara na gaskiya suna karɓar sa su rage maka farashi, amma sai in bai fashe ba kuma ba a yi masa kaca-kaca ba. Kada a bar yaran gareji su farfasa shi ko su miƙa wa 'yan gwangwan. Garanti kuma a rubuta shi a rasit, da lambar kayan da adadin kwanaki. Ka sani ba mai karɓar famfon da ya dawo yana warin dizal.

Bayan an ɗaura, aiki bai ƙare ba. Sai an sa kwamfuta an cika layin da ruwa, an sake gwajin gorar nan, an goge tsofaffin laifuffuka. Wasu motocin ba sa sakin ƙarfinsu sai sun yi tafiya salansa ta yi zafi, sun tabbatar da kansu cewa hayaƙin ya gyaru. Mutane kan ga mota ba ta sake nan take ba su ce kayan ne ba kyau, su kunce su mayar.

Wani abu da ya kamata a duba tun farko shi ne ko tsarin AdBlue ɗin yana raye ma. Tireloli da yawa an riga an kashe musu shi kafin su zo hannun mai su na yanzu, ko dai an liƙa wani ɗan akwati a cikin wayoyi da ke yi wa ƙwaƙwalwar mota ƙarya, ko an taɓa manhajar. Gane shi ba wuya. Motar da tsarinta ke aiki tana shan kusan lita 3 zuwa 6 na AdBlue a kowace lita 100 ta dizal. In an je Legas an dawo allurar tankin ba ta motsa ba, an kashe shi, kuma ko famfon zinariya ka ɗaura ba zai tashi ba.

Na san wasu za su ce ai kashewar ita ce hutu. Ni ba na ba da wannan shawara. Hayaƙin da aka daina tacewa mutanen Kawo da Kakuri da masu talla a bakin baifas ne ke shaƙar sa, kuma hukumar kare muhalli ta NESREA tana da dokar hayaƙin motoci tun 2011. A kan Euro VI ma kashewar rabi da rabi takan bar matattarar baƙin hayaƙi ta toshe, a dawo gidan jiya da asara mafi girma. Wanda ya sayi motar da aka kashe wa tsarin kuma yana son dawo da shi, ya fara da cire akwatin da mayar da manhaja yadda take. Ya sa ran canza nozul, domin a wasu motocin ruwan ne ke sanyaya shi, in ya daɗe a bushe cikin zafin salansa ya riga ya ƙone. Ya kuma tabbatar katalis ɗin yana nan cikin salansa ba a fasa an zubar da shi ba, kafin ya tambayi kuɗin famfo.