Yadda Ake Binciken Babur Mai Injekta Idan Ya Ƙi Tashi

Yawancin baburan da ke yawo a titunan Kano, su Boxer da Jincheng da roba-roba, masu kafireto ne, kuma a kansu makanikanmu suka koyi sana'a. Masu injekta kuwa sai daga baya suka fara shigowa, wasu na hannu daga Turai da Japan, wasu daga Indiya, inda aka tsaurara dokar hayaƙi a watan Afrilun 2020, kamfanoni suka koma ƙera yawancin baburan cikin gida da injekta. Abin da ke damuna shi ne, da zarar irin wannan mashin ya ƙi tashi, sai a far masa da dabarun kafireto, a yi ta kwance-kwance, a yanke waya, daga ƙarshe a ce ƙwaƙwalwarsa, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa injin, ta ƙone. Ƙwaƙwalwa ba ta cika ƙonewa haka kawai ba. Galibi matsalar tana wurin batir, ko soket, ko mai.

A mashin mai kafireto, zuƙar inji ce ke janyo mai. A mai injekta, famfo ne mai aiki da lantarki, yawanci a cikin tanki, yake turo mai da ƙarfi zuwa nozul, wato bakin da ke fesa shi cikin inji, ƙwaƙwalwa ta lissafa adadin da za a fesa bisa bayanin da sansa-sansa, wato ƙananan na'urorin da ke auna yanayin inji, ke aiko mata. Duk wannan da wutar batir yake tafiya. Shi ya sa binciken yake farawa daga kunne, tun kafin a ɗauko sifana.

Mataki na farko: murɗa makulli ka saurara

Kada ka danna sitata tukuna. Murɗa makulli kawai, ka kasa kunne. Lafiyayyen mashin zai yi wani siririn kuka daga cikin tanki na daƙiƙa biyu zuwa uku sannan ya yi shiru. Famfo ke nan yana cika bututu da mai. In a bakin titi kake, ƙarar adaidaita sahu ta hana ka ji, manna kunnenka a jikin tankin, wani ya murɗa maka makullin. Dubi kuma fitilar inji a fuskar mita: ya kamata ta kama, bayan ɗan lokaci ta mutu, a wasu mashinan kuma sai inji ya tashi take mutuwa.

In babu fitila babu kuka, batir ne ko babban fis. In fitila ta kama amma famfo shiru, bi mataki na biyu zuwa na huɗu. In famfo ya yi kuka, sitata tana juya inji da ƙarfi amma bai kama ba, tsallaka zuwa maganar mai da fulogi.

Na biyu: ƙananan makunnai

Akwai jan makunni a hannun dama da ke kashe inji. Yara a ƙofar gida suna son latsa shi, kuma a mashina da yawa in yana kashe, famfo ba zai motsa ba. Duba shi. Sa giya a firi, ɗage ƙafar jingina ta gefe, matse kuloci, domin kowannensu yana iya samun makunnin da ke hana tashi. In mashin ya faɗi ƙasa kafin ya ƙi tashi, akwai sansa da ke yanke mai idan ya kwanta. Tsayar da shi sosai, kashe makulli, ka sake kunnawa.

Na uku: batir

Nan ne mafi yawan mutane suke ruɗuwa. Mutum zai ce maka batirinsa lafiya lau, ai ga hon yana yi, ga fitila tana kamawa. Hon da fitila ba hujja ba ne. Sitata tana jan wuta mai yawa, kuma in batir ya raunana, lokacin da take juyawa wutar takan faɗi ƙasa da abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Sai ka ji inji yana juyawa a kasalance, ba fesa mai, ba tartsatsi mai ƙarfi.

Nemi mitar awon wuta, kowane mai wayarin yana da ita. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6. In ya nuna 12.0 ko ƙasa, ya zube. Bar mitar a jiki ka danna sitata: in lambar ta faɗo ƙasa da 10, batirin ba zai iya wannan aiki ba, ko da an yi masa caji ya nuna cike. Zafin Kano na watan Maris zuwa Mayu yana rage wa batir kwana, ballantana mashin da ke wuni a rana.

Kafin ka sayi sabo, kama kawunan batirin ka girgiza. In suna motsi ko sun yi farin gari, kwance su, fara da baƙar waya, goge da sanfefa, mayar ka ɗaure tam. Bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen mashin, can ma tsatsa takan ɓuya.

In za ka ja wuta daga mota, a kashe injin motar tukuna, kuma ka tabbata ja ta tafi kan ja, baƙa kan baƙa. Juya su yana ƙona fis, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Turi ko kik suna iya tayar da mashin da batirinsa ya ɗan raunana, amma in ya mutu murus, yawancin masu injekta ba za su tashi ba ko da an tura su daga Ƙofar Nassarawa zuwa Bata, don famfo ba shi da wutar da zai turo mai. Idan Allah Ya sa ya tashi, sake aunawa kana ɗan ba shi totur: ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, mashin ba ya caji, kuma sabon batir ma haka zai zube.

Na huɗu: fis, rile da soket

Akwatin fis yana kusa da batir. Ciro su ɗaya bayan ɗaya ka duba a haske. Wanda ya ƙone, sa mai lamba irin tasa. Don Allah kada ka yarda a naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa, domin fis ɗin yana ƙonewa ne don ya kare abin da ya fi shi tsada. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe.

Ɗora yatsa a kan rilen famfo, wato ɗan akwatin da ke sakar masa wuta, a murɗa makulli, za ka ji ya yi ƙas. In bai yi ba, kuma akwai wani rile irinsa sak a mashin, musanya su ka gwada. Sannan zare soket ɗin famfo da na nozul ka leƙa. Bayan ruwan Agusta, ko bayan an wanke mashin da injin feshi mai ƙarfi, ruwa yakan kwanta a ciki har ƙarafan su yi kore. Busar da su, ka tura har ka ji sun kama.

Na biyar: mai

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu ɗan kaɗan muke zubawa, mu yi ta yawo tanki kusan wayam. Kafireto yana jure wannan, famfo ba ya jurewa, domin man da yake nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi. Famfon da ke yawan zuƙar iska yana zafi, kukansa ya yi kauri, wata rana ya tsaya. Saboda haka fara zuba lita biyu na mai mai kyau, ka kunna makulli ka kashe sau uku kana jiran kukan ya ƙare kowane karo, sannan ka danna sitata. Kada ka riƙa murza totur, wannan mashin ba ya buƙatar haka. Danna sitata na daƙiƙa biyar ya isa, ka huta kamar goma, ka sake.

Tambayi kanka inda ka sha mai na ƙarshe. Man galan na bumburutu yakan zo da ruwa, ko ƙasa, ko gauraye da kananzir, alhali ramukan nozul sun fi bakin allura ƙanƙanta. Zuƙo kaɗan daga ƙasan tanki cikin farar kwalba ka ajiye. In akwai ruwa, za ka ga ya kwanta a ƙasa daban. To sai a juye tankin duka, a wanke, a duba matacin da ke bakin famfo. Mashin da ya yi watanni a ajiye ma mansa yakan lalace ya yi danƙo.

Bututun man yana riƙe da matsi ko bayan an kashe inji. In za a zare shi, a rufe da tsumma, kuma a yi nesa da mai shayi, mai walda da mai sigari.

Na shida: fulogi da iska

Kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu ko inji ya sha mai da yawa. In ya bushe ƙayau bayan ka yi ta danna sitata, mai ne ba ya isowa. Mayar da shi cikin hularsa, jingina zarensa da ƙarfen inji nesa da ramin fulogin, riƙe da abu mai roba, a danna sitata. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake nema. In za ka canza, sayi lambar da littafin mashin ya faɗa. Waɗannan mashinan suna son fulogi mai harafin R a lambarsa, wanda ba shi da shi yana iya rikita ƙwaƙwalwa.

Buɗe iyakilina, wato matacin iska. Ƙurar hunturu tana toshe shi cikin ɗan lokaci. Na takarda ba a wanke shi da fetur, canzawa ake yi.

Na bakwai: karanta fitila, ka zaɓi mai gyara

In fitilar inji tana ƙiftawa, mashin yana faɗa maka inda ciwon yake. A baburan Honda masu PGM-FI, wato tsarin injektar kamfanin, doguwar ƙifta tana nufin goma, gajera ɗaya: doguwa ɗaya da gajeru biyu 12 ke nan, wato layin nozul, gajeru takwas kuma sansar totur. Kowane kamfani da nasa lissafin, don haka ɗauki bidiyon fitilar da wayarka kafin kowa ya cire batir.

In mai yana zuwa, wuta tana zuwa, iska a buɗe, amma har yanzu shiru, saura a auna matsin famfo, wanda a ƙananan mashina yakan kai kusan 3 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", a auna matsin inji, a duba bawul da sansar da ke karanta juyawar inji. Wannan aikin mai kayan awo ne. In makanikenka na unguwa ba shi da su, masu wayarin mota da ke aiki da na'urar bincike sun saba da injekta, kuma da mita kaɗai za su iya bin layin famfo da nozul. Ka ce masa: "Malam, a auna tukuna kafin a canza komai." Kada ka bari a gwada waya ta hanyar goga ta a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi, kada a cire kan batir inji yana aiki, kuma in za a yi walda a jikin mashin, a cire batir a zare soket ɗin ƙwaƙwalwa tukuna. Duk kayan da aka ce ya mutu, karɓi tsohon ka tafi da shi, in za ka sayo sabo ka haɗa lambar da ke jikinsa da ta wanda za a ba ka.