Kafin ku zargi dilko (mai raba wa fulogai wuta), ku gwada alamar taimin

Salamu alaikum 'yan uwa makanikai. Kwana biyu na yi ina fama da wani inji: fitilar taimin (wadda ake duba lokacin tashin wutar fulogi da ita) na nuna daidai, amma mota na ƙwanƙwasa a hawa. Ashe zoben waje na fulin karanshaf ne ya zame, domin robar da ke tsakani ta tsufa ta tsattsage. Wani lokacin kuma harshen ƙarfen da ke nuna makin taimin a jikin fuli ne aka ɗauko daga wani injin a gwanjo, bai dace da girman fulin ba.

Kada ku wahala da neman sabon dilko ko fuli tukuna, ku fara gano ainihin inda fistin ke kai ƙololuwa. Ku samu tsohon fulogi, ku fasa tangaran ɗin, ku zura dogon noti a ciki ya leƙo. A cire kan batir, a ɗaura fulogin nan a silinda ta ɗaya. Ku juya inji da sifana a hankali, da hannu kawai, don Allah ban da sitata, har fistin ya taɓa notin. Ku sa alli a fuli daidai bakin harshen. Ku juya baya har ya sake tsayawa, ku ƙara alli. Tsakiyar layukan nan biyu shi ne sifili na gaskiya, wato inda fistin ke kai ƙololuwa.

Idan bai hau kan makin kamfani ba, ku gyara zaman harshen. A fuli mai faɗin inci 8, digiri 10 kusan milimita 18 ne. Amma in robar ta saki, ku canja fulin gaba ɗaya, in ba haka ba zoben zai ƙara zamewa.