Kafin Ka Cike Fom Ɗin Tallafin Gwamnati

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Tudun Wadan Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci. Duk sanda aka buɗe wani shirin tallafi, teloli da 'yan gwanjo da mata masu ƙosai wurina suke zuwa cike fom. Mutane kan ce sai mai ƙafa ke samu. Ban musa akwai hakan ba, amma da yawa daga waɗanda na ga sun rasa, takardunsu ne suka kayar da su tun kafin a duba cancantarsu. Don haka shiri yana farawa ne kafin a ji sanarwa a rediyo.

Fara da NIN, wato lambar ɗan ƙasa, da BVN, lambar shaidarka ta banki. Da layin da ka yi rajista, danna *346# ka ga lambar NIN ɗinka, ka danna *565*0# ka ga ta BVN. Ana cire 'yan kuɗi kaɗan. Daga nan ka je banki ka nemi a nuna maka yadda aka rubuta sunanka da ranar haihuwarka, ka gwada da na takardar NIN. A nan matsalarmu take. Wuri ɗaya an rubuta Muhammad, wani wurin Mohammed. Nan sunan mahaifi ne a ƙarshe, can sunan kaka ko na gari. Wata an sa mata sunan miji a banki, a katin ɗan ƙasa kuma na mahaifinta. Na'ura ba ta san uzuri ba, da ta ga saɓani sai ta ajiye ka gefe, kuma ba mai kiranka ya gaya maka dalili. Gyara a ofishin NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, ko a banki yana cin lokaci, wani sa'in har a rufe shafin neman tallafin ba a gama ba. Yi shi yanzu da ba ka cikin gaggawa.

Iyayena mata da 'yan'uwana, ku buɗe asusu da sunanku, da layin waya naku na kanku. Asusun maigida ko na ɗa ba zai yi ba, domin BVN ɗin mai nema ake bi a tura kuɗin.

Sai tambayar da nake so kowa ya yi kafin ya miƙo mini takardunsa: wannan kyauta ce ko rance? Dukansu "tallafi" muke ce musu, amma ba ɗaya ba ne. Naira 50,000 da gwamnatin tarayya ta raba wa masu ƙananan sana'o'i a 2024 ta hannun Bankin Masana'antu, wato BOI, kyauta ce. Naira 10,000 ta TraderMoni a 2018 rance ce. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 bashi ne a kan manoma. Haka kuɗin korona da bankin NIRSAL ya bayar a 2020, wanda mutane da yawa suka karɓa suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. A wannan shekarar ta 2020 Babban Banki ya fito da tsarin da ke ba bankin da ke bin ka bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke jingine da BVN ɗinka. Na ga magidanci da aka turo wa kuɗin asibitin mahaifiyarsa, kafin ya isa wurin mai POS an kwashe a kan bashin da ya manta da shi. Abin ya tsaya mini a rai. Idan rance ne, tambayi wa'adin biya, ka tambaya ko da kuɗin ruwa, sannan ka auna da cinikinka.

Ɗalibai kuwa, rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024 babu ruwa a kansa, kuma biya yana somawa ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Sai makarantarku ta tura bayananku tukuna shafin zai gane ku.

Mai son abin da ya wuce dubu hamsin, sai sana'arsa ta zama tana da shaida. Yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka yi rajista da SMEDAN, hukumar ƙananan sana'o'i, a intanet. Sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ka saro da abin da ka sayar kullum, ka bar wani ɓangare na cinikin ya riƙa bi ta asusunka, domin masu ba da rance takardar shige da ficen kuɗi suke dubawa, ba cikar shago ba. Shiga ƙungiyar masu sana'arka ma yana da amfani, sau da yawa ta hannunsu ake tantance mutane.

Kuɗin da ake tura wa gidaje marasa ƙarfi, irin Naira 25,000 na wata uku da aka sanar a 2023, hanyarsa daban. Daga rajistar marasa galihu ake ɗauko sunaye, ita kuma jami'ai ne ke bi unguwa-unguwa tare da mutanen gari su haɗa ta. Babu wani shago, har da nawa, da zai iya sa sunanka ciki. Tambayi mai unguwa ko sakatariyar ƙaramar hukumarka.

Duk wanda ya ce ka biya kafin sunanka ya fito, ko ya turo maka saƙo a WhatsApp yana cewa ka tura wa mutum goma, ɓarawo ne. Lambar sirrin katinka da lambar da banki ke turowa ta waya ba a ba kowa, ko da ya kira cikakken sunanka. Kuɗin da za ka biya mai shago na aikin cikewa ne kawai. In an gama, karɓi takardar shaidar da ke ɗauke da lambar rajistarka ka adana, kuma kada ka bar layin da ka yi amfani da shi ya mutu, domin ta nan ake kiran tantancewa.