Yadda Ake Ciro Kayan Lantarki Masu Rai Daga Na'urorin Da Aka Zubar

Da wuya ka ga rediyo ko dikoda ko sitabilaiza ta mutu gaba ɗayanta. Yawanci abu ɗaya ne ya ƙone a ciki, wani lokacin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai mai ita ya gaji da kai wa mai gyara ya jefa ta bayan ɗaki. Ranar da ɗan gwangwan ya wuce da kurarsa, a ɗora ta a sikeli a sayar da ita da kuɗin ƙarfe. Amma a cikinta akwai tiransifoma mai lafiya, da rile (makunnin da wuta ce ke kunna shi da kashe shi), da makunni, da dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai) goma ko ashirin da babu abin da ya same su. Waɗannan nake bi ina cirowa a lokacin hutuna, kuma da su nake haɗa fitila da ƙaramar fanka da sauran 'yan ƙere-ƙere. Ga yadda aikin yake tun daga farkonsa.

Neman kaya

Fara da gidanku. Kusan kowane gida yana da fitilar caji da ta daina ɗaukar wuta, da caja biyu ko uku da aka yar, da tsohuwar na'urar DVD. Daga nan ka gaya wa 'yan uwa da maƙwabta kada su zubar da irin waɗannan ba su neme ka ba. Sai kuma masu gyaran rediyo da talabijin na unguwa. Kowannensu yana da kwali a ƙarƙashin tebur cike da fanel, wato allunan cikin na'ura da ake liƙa ƙananan sassa a kansu, da ya haƙura da su. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce, “Maigida, koyo nake yi, in akwai fanel ɗin da ba ka buƙata ina so in saya.” Sau da yawa zai haɗa maka da shawarar da ta fi kayan amfani.

In hannunka ya fara faɗawa, sai ka shiga wuraren da kaya ke taruwa, irin su Kasuwar Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko wurin 'yan jari-bola na garinku. Su nauyi suke sayarwa, kai kuwa abin da ke ciki kake nema, saboda haka ciniki ba ya wuya. Abu ɗaya dai: kada ka sayi wayar wuta mai kauri ko batirin sola da ba ka san asalinsu ba. Ana satar irin waɗannan, kuma mai sayen kayan sata ba ya fita daga laifin.

Ba kowace na'ura ce ta cancanci wahalarka ba. Tsofaffin kaya na shekarun 1980 da 1990 sun fi daɗin aiki, domin sassansu manya ne, masu ƙafafu da ke ratsa fanel ta wancan gefe. Wayar hannu ta zamani kuwa komai a cikinta ƙanana ne kamar yashi, an manna su a fuskar fanel, mai koyo ba zai ƙaru da su ba. A ganina babu kamar tsohuwar firinta, da UPS, da akwatin wutar kwamfutar tebur, da sitabilaiza. Firinta tana ba ka moto biyu ko uku da sandunan ƙarfe miƙaƙƙu sumul. UPS da sitabilaiza suna ba ka tiransifoma mai nauyi da rile. Akwatin wutar kwamfuta yana ba ka fanka mai volt 12, da wayoyi masu launi-launi, da farantan alminiyam na sanyaya tiransista.

Kayan aiki

Ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Kana buƙatar sukundireba manya da ƙanana, da filaya mai dogon baki, da kota, da mita mai auna volt da ohm, da ƙarfen narka dalma wanda masu gyara ke kira ayon. Mai wat 30 zuwa 40 ya ishe ka yawancin aiki, mai wat 60 kuma na wuraren da dalma ta yi kauri. Ka haɗa da zaren dalma sabo, da man liƙi, da ɗan famfon da ke tsotse narkakkiyar dalma. In wuta ba ta zama a unguwarku, akwai ayon mai aiki da batirin volt 12. Tabarau na kare ido ma dole ne, domin dalma tana tsalle idan ƙafa ta fizgo.

Kafin ka sa hannu

Nan ne nake son ka fi natsuwa. Cire na'ura daga soket ba ya nufin wuta ta ƙare a cikinta. Wutar gida a Najeriya da Nijar volt 220 zuwa 230 ce, kuma a cikin caja da dikoda da akwatin wutar kwamfuta akwai babbar kafasita, wato ɗan abu mai siffar gwangwani da ke tara wuta, yawanci an rubuta 400V a jikinta, wadda ke riƙe sama da volt 300. Tana iya ajiye wannan wutar bayan an kashe na'urar. Saboda haka da ka buɗe murfi, kada ka taɓa bayan fanel. Nemo kafasitar, ka sa mita a kan DC ka auna ƙafafunta biyu. In da wuta, sai ka zubar da ita ta hanyar rezista (ɗan abin da ke rage gudun wuta) mai ohm 10,000 da wat 5, ka riƙe rezistar da filaya mai roba a hannu, ka taɓa ƙafafun biyu na ɗan lokaci, ka sake aunawa. Tsofaffin masu gyara da ƙwan fitila mai zare suke yi, ya yi ɗan haske ya mutu. Kada ka haɗa ƙafafun da bakin sukundireba kai tsaye, tartsatsin yana iya fasa kafasitar a fuskarka.

Akwai abubuwan da mai koyo zai bar su gaba ɗaya. Na farko murhun mikrowef: kafasitar da ke ciki tana aiki da kusan volt 2,000, kuma tiransifomarsa ta kashe mutane da dama da suka ɗauke ta abin wasa. Na biyu talabijin mai ƙusumbi, wadda kwalbarta ke riƙe dubban volt, ga gilashin kansa cike da dalma. Na uku ƙwan fitila mai murɗaɗɗen gilashi da ake kira mai tattalin wuta, domin akwai zaiba a cikin gilashin. A gindinsa akwai tiransista 13003 da dayod 1N4007 masu kyau, amma sai in za ka iya buɗe robar ba tare da gilashin ya fashe ba. In ya riga ya tsage, rabu da shi.

Maganar dalma kuma ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga abin da gubarta ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu bayan ƙurar duwatsun zinariya mai ɗauke da dalma ta shiga gidaje. Dalmar da ke bayan tsohon fanel ita ce dai wannan gubar. Kada ka yi aikin a ɗakin da ake kwana ko inda yara ke rarrafe. Zauna a zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, kada ka ci goro ko gyaɗa kana aiki, kada ka riƙe zaren dalma da haƙori, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai shi baki.

Warware na'ura

Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka cire komai, zai tuna maka wace waya ke zuwa ina. Sannan ka fara da abin da ba ya buƙatar zafi: noti, fanka, sifika, moto, makunni, fis da mazauninsa, wayoyi. Ka yanke waya da tsayinta, kada ka guntule ta a gindin moto, domin gobe za ka nemi inda za ka liƙa. Notuna ka tara su a gwangwani ɗaya. In murfin roba ya ƙi buɗuwa, duba ƙarƙashin takardar da aka manna ko ƙarƙashin ƙafafun roba, can ake ɓoye noti na ƙarshe.

In ka samu hadis na kwamfuta, wato faifan da take ajiye bayanai a kai, akwai mayen ƙarfe mai ƙarfin gaske a ciki, ka kula kada ya matse maka yatsa. Amma hotuna da takardun da ke kansa na wani ne. Ba naka ba ne ka buɗe, amana ce ta faɗo hannunka. Ciro mayen ƙarfen ka lalata faifan.

Cire sassa daga fanel

Kafa fanel ɗin a tsaye tsakanin katako biyu ko bulo biyu, yadda za ka ga gaba da baya. Bar ayon ya yi zafi sosai, ka goge bakinsa, ka shafa masa 'yar dalma har ya yi ƙyalli. Abin da ke ba sababbi mamaki shi ne, kafin ka cire tsohuwar dalma sai ka ƙara mata sabuwa. Tsohuwar ta bushe, ba ta karɓar zafi da sauri, sabuwar ce ke kai mata zafin. Wannan ya fi muhimmanci a kayan da aka ƙera daga 2006 zuwa yau, lokacin da Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki. Abin liƙin da ya maye gurbinta sai wajen digiri 217 yake narkewa, alhali tsohon haɗin kuza da dalma yana narkewa tun wajen 183.

Ɗora bakin ayon a kan ƙafar, ka ƙirga uku ko huɗu, da ta narke ka janye ayon ka danna famfon. In ramin ya buɗe, ka motsa ƙafar da filaya ka ji ko ta saki. Abu mai ƙafa biyu, kamar dayod ko kafasita, kana iya zafafa ƙafa ɗaya ka ɗan ja, ka koma ɗayar, har ya fito. Tiransista da aisi (IC, ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa) ba sa son dogon zafi, saboda haka in ƙafa ta ƙi, bar ta ta huce ka dawo. Kada ka fizga da ƙarfi. Abin da aka ciro da ƙafa ɗaya a karye ya zama shara.

Ba komai ake cirewa ba. Ƙananan rezista suna da arha a kasuwa, ƙafafunsu kuma gajeru ne bayan an ciro su, ni manyan kawai nake ɗauka. Abin da nake bi shi ne rile, da tiransifoma, da 7805 mai daidaita wuta zuwa volt 5, da aisi irin NE555 da LM358, da manyan tiransista na inbata, da ƙwayayen LED. A lokacin hunturu, da iska ta bushe har riga ke tartsatsi, ka taɓa ƙarfen ƙofa ko famfo kafin ka ɗauki aisi, domin wannan 'yar wutar jikin tana kashe shi ba ka sani ba.

Gwaji

Abin da ba ka gwada ba kada ya shiga ma'ajiyarka, in ba haka ba wata rana za ka kwana kana neman laifi a abin da ka haɗa, ashe ruɓaɓɓen dayod ka sa. Dayod mai lafiya, in ka sa mita a kan gwajin dayod, yana nuna wajen 0.6 ta fuska ɗaya, ta ɗayar kuma ba ya nuna komai. In ya nuna sifili ta ko'ina, ya ƙone. Rile ka ba shi volt ɗin da aka rubuta a jikinsa, ka saurari “ƙas”. Sifika ka taɓa ta da batirin tocila ɗaya, za ka ji ta yi ɗan ƙara. A tiransifoma mai rage wuta, ɓangaren da ohm ɗinsa ya fi yawa shi ne na wutar gida, kuma in ka ji warin ƙuna a jikinta ba sai ka auna ba. Kafasitar da kanta ya kumbura ko ta yi tsatsa a gindi, zubar. Ƙaramar da aka rubuta wa 104 kuwa nanofarad 100 ce, za ka yi ta cin karo da ita.

Batirin kwamfutar tafi-da-gidanka yana da nasa tsarin. A cikin tsofaffin akwai batura masu siffar gora, galibi shida, ana kiransu 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsayinsu 65. Sau da yawa biyu ne suka mutu, sauran suna nan da ransu. Ka ɓare robar a hankali, kada ƙarfe ya huda batir ko ya haɗa kai da gindi. Auna kowanne. Wanda ya gaza volt 2 ka ware shi. Sauran ka yi musu caji ɗaya bayan ɗaya da ɗan fanel ɗin cajin batir mai suna TP4056, a kan siminti, kana kusa, da bokitin yashi a gefe. Wanda ya ɗau zafi ka cire shi nan take. Wanda ya cika zuwa 4.2 ka rubuta kwanan wata a jikinsa ka ajiye mako biyu. In ka dawo ka tarar ya sauka ƙasa da 4.0, yana zubar da wuta, ba shi da amfani. Kada ka ajiye su a ɗakin kwano lokacin bazara, kuma batirin waya da ya kumbura kada ka huda shi ko kusa.

Ajiya da ragowar

Kwalin ashana, robar magani da gwangwanin madara duk suna aiki. Kowane iri da mazubinsa, ka manna takarda ka rubuta lambar. Sa murfi saboda ƙura, ka ɗaga su inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ƙarfe da alminiyam da fanel ɗin da ka gama da su, mayar wa ɗan gwangwan, zai saya. Kada ka ƙona waya don fitar da tagulla. Hayaƙin robar guba ne, shi ne ya addabi matasan da suka yi wannan aiki a Agbogbloshie ta birnin Accra, da yawansu 'yan arewacin Gana, kafin a rushe wurin a 2021. Feɗe robar da wuƙa ya fi ɗaukar lokaci, amma tagullar tana fitowa fes, ba baƙi.

In kana neman abin da za ka fara haɗawa, ɗauki jikin tsohuwar fitilar caji, ka cire mataccen batirinta, ka sa 18650 ɗaya da ya ci gwaji, da TP4056 mai kariya, da makunnin da ka ciro. Ka sa rezista tsakanin batir da ƙwayayen LED, ka fara da mai ohm 10, in ƙwayayen suna zafi ka ƙara. Sai ka huda jikin robar daidai bakin caji yadda cajar waya za ta shiga.