Darasi na 7: Me ya sa ƙudan zuma ke jinkirin yin sabuwar saƙa?

Duk mai amya a ƙasar Damagaram ya san wannan ɓacin rai. Ka ɗora amya bisa gawo ko tsamiya, ƙudan zuma sun shiga, ka yi murna. Bayan wata guda ka leƙa, saƙar ba ta fi tafin hannu ba. Wani ya ce ragwaye ne, wani ya ce baki ne ya kama su. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Ku fara riƙe wannan: kakin da ake yin saƙa da shi ba a fure ake ɗauko shi ba. Daga jikin ƙudan yake fitowa. Ma'aikaciya, wato ƙudan da ke yin aikin amya, tana da wurare 8 a ƙarƙashin cikinta, nan kaki ke tsattsafowa siriri kamar dusa. Sai ta tauna shi ya yi laushi, ta liƙa. Kuma ba kowace ce ke iyawa sosai ba, sai matasa masu kwana 12 zuwa 18 da fitowa. Tsofaffi suna can waje neman abinci.

Kaki yana da tsada gare su. Kafin su yi kilo 1 na kaki, sai sun sha zuma kamar kilo 6 zuwa 8. Ku dubi manomi: wanda rumbunsa bai cika ba, zai sayar da hatsin ci ya gina sabon rumbu? To, su ma ba sa gini sai abinci na shigowa kullum har wurin ajiya ya yi musu kaɗan. Shi ya sa za ka ga aiki ya kankama in riɗi da wake sun yi fure, ko in mangwaro ya yi huda a garake irin na Mirya. Gawo kuwa abin godiya ne, don yana fure bayan damina, lokacin da gonaki suka bushe. In babu fure kusa, ko shekara amya ta yi, saƙa ba za ta ƙaru ba.

Yawansu ma yana cikin lissafi. Kaki ba ya sarrafuwa sai ɗumin cikin amya ya kai digiri 33 zuwa 36, kuma da jikinsu suke haɗa wannan ɗumi, suna cure wuri ɗaya. Ƴan kaɗan a cikin ƙatuwar amya, da daren hunturu, ba za su iya ba. Ƙwai kuma sai ya yi kwana 21 kafin ya zama ma'aikaciya. Saboda haka sababbin shiga suna bukatar haƙuri. In sarauniya, wato uwar da ke yin ƙwai, ta tsufa ko ta mutu, gini yakan kusan tsayawa.

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, matsalar wata ce daban. Zafi na wuce digiri 40, sai su bar komi su koma jidar ruwa don sanyaya amya. A nan za ka taimaka ƙwarai: ka sa amya a inuwa, ka ajiye kaskon ruwa kusa, ka jefa karare ko tsakuwa ciki don kada su nutse. Ka kuma duba ko tururuwa na hawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar ɗiba. Mutum ya zo da wuta, ya kwashe saƙa kakaf har da mai ƴaƴa, sannan ya dawo yana mamakin jinkiri. Aikin watanni ya ɗebe a dare ɗaya. Ka yanki saƙar zumar da aka toshe bakinta da kaki kawai, ka bar musu mai ƴaƴa da wani rabo na zuma. In amyarka ta katako ce mai sanduna a sama, ka shafa ɗan kaki a tsawon kowace sanda, su bi layin.

Aikin gida: a ce kilo 1 na kaki yana cin zuma kilo 8. Rabin kilo zai ci nawa? Ku kuma zagaya amyarku, ku rubuto sunayen itatuwan da ke fure a wannan wata, mu karanta tare a zama mai zuwa.